Motsi Ya Fi Laɓewa: Tsokaci a Kan Jinyar Ciwon Daji

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce "wane yana kwance", kowa ya san ba barci ake nufi ba, rashin lafiya ce. Idan kuwa ya warke, sai a ce "ya miƙe". Wannan maƙala za ta dubi yadda wannan fahimta take shafar jinyar masu ciwon daji, wanda ake kuma kira sankara ko kansa, tare da misali daga gidanmu a Anguwan Rogo, cikin garin Jos.

2.0 Abin da Na Gani

Lokacin da aka yi wa gwaggona aikin sankarar mama, aka kuma fara yi mata ƙarin ruwan maganin da ake kira kemo, sai muka hana ta komai. Ko buta ta ɗauka, sai a ce, "Haba Gwaggo, ki kwanta ki huta!" Ga sanyin Jos na watan Disamba, don haka ta wuni cikin bargo. Amma kullum gajiyar ƙaruwa take yi, har kafaɗar ɓangaren da aka yi aikin ta fara sanƙarewa.

Likitan gashin ƙashi ne ya ankarar da mu cewa tausayin namu yana neman zama cuta. Ya koya mata ɗaga hannu a jikin bango, ya ce ta riƙa zagaya tsakar gida na minti 5 idan rana ta ɗaga. Sannu a hankali har ta kai ga takawa zuwa Titin Bauchi, ta dawo da ƙafarta. Ranar nan ta ce mini, "Ɗan nan, ashe kwanciyar ce ke cin ƙarfina."

3.0 Me Masana Suka Ce?

Yawan kwanciya yana zubar da ƙarfin tsoka, shi ya sa gajiyar kemo ba ta tafiya da hutu kaɗai. A shekarar 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa manya, har da waɗanda suka yi fama da kansa, su motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Haka kuma, a 2025 an fitar da sakamakon wani bincike da masanan Kanada suka jagoranta a kan mutum 889 da suka gama shan maganin sankarar hanji. Waɗanda aka tsara wa motsa jiki na shekara 3 sun sami raguwar kashi 28 cikin 100 na haɗarin dawowar cutar, ko ɓullar wata sabuwa, ko mutuwa.

4.0 Hattara

Motsa jiki ba ya maye gurbin magani, kuma ba a farawa sai da iznin likita. A dakata idan akwai zazzaɓi, jiri, ciwon ƙirji ko ƙarancin jini mai tsanani. Wanda cutar ta taɓa masa ƙashi kuwa, sai ƙwararre ya tsara masa abin da zai yi.

5.0 Kammalawa

Mu ɗaliban harshe mun san kalma tana gina ɗabi'a. Idan muka je dubiya, bayan "ya jiki?" da "Allah ya ƙara sauƙi", babu laifi mu ƙara da, "Ko mu ɗan taka zuwa ƙofar gida?" Sannu ba ta hana zuwa.