KADA KU ZUBAR DA 'YA'YAN KABEWA

Da kaka ta yi, kabewa ta kan wadata a gidajenmu na Kura da Bunkure. Uwargida ta fasa ta don miyar taushe, ta kwashe 'ya'yan ta watsa wa kaji. To, wannan hasara ce. A ɗakin shan magani mu kan ga yara da yawa waɗanda cikinsu ya cika da tuwo da kunu, amma jikinsu ba ya ginuwa. Abin da su ke bukata, watau abinci mai gina jiki, wani sashensa yana nan cikin abin da a ke zubarwa.

Idan aka ɓare 'ya'yan kabewa aka raba nauyinsu kashi 10, wajen kashi 3 abin gina jiki ne, irin wanda a ke samu cikin wake da gyaɗa, kusan kashi 5 kuwa mai ne. Suna kuma da sinadarin ƙarfe mai taimakon jini. 'Yan'uwan agushi ne, wanda mu ke saya da kuɗi a kasuwa.

Ga yadda za a yi:

1. A wanke hannu da sabulu. A tsince 'ya'yan daga cikin kabewa, a wanke su da ruwan rijiya ko na famfo. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ruwa ya ke bin magudanai zuwa gonakinmu, amma wannan ruwa na ban-ruwa ne. Shigarsa na kawo tsargiya. Kada a aiki yaro ya wanko su can.

2. A shanya su bisa faifai a wuri mai tudu, inda kaji da awaki ba su kaiwa, kwana 2 ko 3, har su bushe ƙayau.

3. A zuba su cikin kasko bisa wuta kaɗan, a yi ta juyawa har su soma fashewa, su yi ja-ja.

4. Ga cikin gwangwanin madara ɗaya na 'ya'yan, a sa sukari ko mazarƙwaila cokali 2 da ɗan ruwa. A juya har zaƙin ya kama su, kamar yadda a ke yin kantu. A juye bisa tire su huce. Kada a cika zaƙi, domin yana ɓata haƙori.

Sai ku lura da abu uku.

Na fari, yaron da bai kai shekara 5 ba, kada a ba shi 'ya'yan ɗungum, suna iya shaƙe shi. A soya nasa ba sukari, a daka, a tankaɗe, a zuba masa cokali ɗaya cikin kunu, in ya cika wata 6 da haihuwa. Zuma kuwa ba a ba jaririn da bai shekara ba.

Na biyu, duk waɗanda suka yi funfuna a zubar. Funfuna na haifar da dafi mai lalata hanta, wuta kuwa ba ta kashe shi. An gane wannan dafi ne bayan talo-talo fiye da 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda ƙuli-ƙulin gyaɗa mai funfuna. Don haka a adana soyayyun cikin kwalba busasshiya mai murfi, a cinye da wuri.

Na uku, irin shuka da aka barbaɗa wa magani guba ne. Maigida ya ajiye nasa irin dabam, inda yara ba su kaiwa.

Ku tuna, wannan ƙari ne bisa abinci, ba magani ba ne. Yaron da ya ke ramewa, ko ƙafafunsa suka kumbura, a kawo shi asibiti tun da wuri. Amma rigakafi ya fi magani. Bana in an fasa kabewa, uwargida ta tuna da rabon yara kafin na kaji.