DARASIN KIWON YARA: Kayan Lambu, 'Ya'yan Itace da Nauyin Yaran Mutanen Meziko a Amurka

Darasinmu na wannan wata a kan abincin ƙananan yara ne. Za mu tafi ƙasa mai nisa, mu duba yaran mutanen Meziko da ke zaune a Amurka, gama likitoci sun daɗe suna auna yaran nan suna rubuta abin da su ke ci. Tambayar da za mu bi ita ce: in yaro yana cin kayan lambu da 'ya'yan itace da yawa, zai tsira daga ƙiba mai cutarwa? Mai karatu, kada ka yi gaggawar cewa i. Bari mu bi maganar daki-daki.

1. SU WANE NE MUTANEN NAN?

Meziko tana kudu da Amurka, iyakarsu ɗaya. Kafin 1848 Kalifoniya da waɗansu yankuna na kusa da ita ƙasar Meziko ce, bayan yaƙi suka koma hannun Amurka. Daga 1942 zuwa 1964 gwamnatocin nan biyu suka yi yarjejeniya, maza masu ɗimbin yawa suka riƙa hayewa suna aikin ƙodago a gonakin Amurka. Waɗansu kuma suka biyo baya da iyalinsu. A 2021 mutanen da asalinsu na Meziko ne sun kai wajen miliyan 37 a Amurka, inda suka fi yawa kuwa shi ne Kalifoniya da Tekzas.

Abincin kakanninsu ba baƙo ba ne a gare mu. Masara, da tumatir, da barkono, da gwanda, da gwaiba, duk daga nahiyarsu suka zo kasuwanninmu. A gonar gargajiya su kan shuka masara da wake da kabewa wuri ɗaya. Da masarar su ke yin wata waina mai faɗi marar kauri, sunanta tortiya, a ci da wake da miyar tumatir da barkono. Suna cin fiya, da wani tsiro mai ƙaya da su ke kira nopal, wanda a kan kankare ƙayarsa a dafa shi kamar kuɓewa. Har zoɓo suna sha.

2. YADDA A KE AUNA ƘIBA

Ba da ido likita ya ke gane ƙiba ba. Ya kan auna tsawon yaro da nauyinsa, ya yi lissafi, sa'an nan ya gwada da jadawali. A ce an jera yara 100 masu shekaru ɗaya, maza dabam mata dabam, daga marar nauyi zuwa mai nauyi. Wanda ya faɗa tsakanin na 85 da na 95, nauyinsa ya wuce kima. Wanda ya kai na 95 ko ya wuce, shi ne a ke ce yana da ƙiba.

Awon da hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta yi daga 2017 zuwa 2020 ya nuna wajen kashi 20 cikin 100 na yaran ƙasar, masu shekara 2 zuwa 19, suna da ƙiba. A cikin 'ya'yan Turawa wajen kashi 17 ne. Amma a cikin 'ya'yan mutanen da suka fito daga ƙasashe masu harshen Sifaniyanci, waɗanda mafi yawansu 'yan asalin Meziko ne, kashi 26 ne. Watau yaro ɗaya cikin huɗu, har da ɗoriya.

Don me wannan ya zama abin damuwa? Domin yaron da ya shiga makaranta da ƙiba, sau da yawa da ita ya ke girma. Ita kuwa ta kan buɗe ƙofa ga ciwon sukari, da hawan jini, da taruwar kitse a hanta, wanda an fi ganinsa ga 'yan asalin Meziko. Iyaye da kakanni da yawa a cikinsu suna murna da yaro ɓul-ɓul, suna cewa alamar lafiya ce. Ba abin dariya ba ne, gama wanda ya taɓa ganin yunwa ta kashe yaro, ƙiba ba za ta ba shi tsoro ba. Amma ma'auni ba ya duban zuciyar kaka.

3. ABIN MAMAKI A KWARIN SALINAS

A Kalifoniya akwai wani kwari mai albarka, sunansa Salinas. Daga nan a ke kai latas da sauran ganyaye ko'ina cikin Amurka, masu aikin gonakin kuwa galibinsu mutanen Meziko ne. A 1999 masana daga Jami'ar Kalifoniya ta Bakli suka fara bin mata masu ciki wajen 600 a kwarin, suka ci gaba da auna 'ya'yansu shekara da shekaru. Da yaran suka kai shekara 5, aka gwada su da tsararrakinsu a jihohin Meziko inda iyaye da yawa suka fito. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna fiye da rabin yaran Salinas nauyinsu ya wuce kima ko suna da ƙiba. A Meziko kuwa wajen kashi 15 cikin 100 ne.

Ku lura da kyau. Jini ɗaya ne, harshe ɗaya. Yaran da ke kwana kusa da gonar latas su ne suka fi ƙiba. Ashe zama kusa da lambu ba ya sa ganye cikin kwano. Mai tsinkar latas ya kan fita tun da asuba ya dawo a gajiye, ladansa kaɗan ne, kuɗin haya kuwa da yawa. Abin da ya fi araha da saurin samu shi ne lemon kwalba, da biskit, da soyayyen abinci na kanti. Saboda haka kada mu ɗora laifin a kan uwa ita kaɗai.

4. NAWA YA KAMATA YARO YA CI?

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaro mai shekara 2 zuwa 5 ya ci aƙalla giram 250 na kayan lambu da 'ya'yan itace kowace rana, mai shekara 6 zuwa 9 kuma giram 350. Giram 250 bai fi lemo ɗaya matsakaici da kofi ɗaya na dafaffen ganye ko karas ba.

Duk da haka yara da yawa ba sa samun ko wannan. A 2021 aka tambayi iyayen yara masu shekara 1 zuwa 5 a dukan Amurka game da makon da ya wuce. Wajen yaro ɗaya cikin uku bai ci ɗan itace kowace rana ba. Kusan rabi ba su ci kayan lambu kowace rana ba. Fiye da rabi kuwa sun sha abin sha mai sukari. Akwai kuma wata matsala a wajen ƙirga. A waɗansu lissafai a kan sa dankalin Turawa cikin kayan lambu, bincike kuwa ya nuna soyayyen dankali yana cikin abin da ƙananan yaran Amurka suka fi ci. Dankalin da ya sha mai ba ɗaya ya ke da kabeji ba.

5. AMSAR TAMBAYARMU

Masana sun yi ta gwada yaran da ke cin kayan lambu da yawa da waɗanda ke cin kaɗan. Waɗansu sun ga masu ci da yawa sun fi daidaiton nauyi, waɗansu kuwa ba su ga bambanci ba ko kaɗan. Bakinsu bai zo ɗaya ba. Ga dalili.

Jiki ya kan ƙiba sa'ad da ƙarfin abincin da ke shiga ya fi wanda a ke ƙonewa wajen girma da wasa. Da kalori a ke auna ƙarfin nan. Kayan lambu da 'ya'yan itace ruwa ne da zare-zare galibi, suna cika ciki, kalorinsu kaɗan. Amma ba sa narkar da kitse, ba sa kuma soke abin da aka riga aka ci. In yaro ya sha lemon kwalba, ya ci biskit, sa'an nan aka ƙara masa mangwaro, to, an ƙara masa abinci ne kurum. In kuwa mangwaron ya zo a maimakon biskit ɗin, an yi riba biyu: mai amfani ya shiga, marar amfani ya fita.

Wannan shi ne gindin darasinmu. Kayan lambu da 'ya'yan itace suna taimakon nauyin yaro sa'ad da suka ɗauki wurin wani abu, ba sa'ad da aka jibga su a kansa ba. Ko da nauyi bai sauya ba, amfaninsu yana nan, gama suna ba jiki bitamin, suna hana taurin ciki, suna kuma koya wa harshe son abin da ba zaƙi zalla ba.

6. LEMO DA RUWAN LEMO

Iyaye da yawa suna tsammani ruwan 'ya'yan itace daidai ya ke da ɗan itacen. Ba haka ba ne. Lemo ɗaya yana da kalori wajen 60, sai yaro ya zauna ya tauna shi, ya ƙoshi. Kofi ɗaya na ruwansa kuwa sai an matse lemo biyu ko uku, kalorinsa wajen 110, an zubar da zarensa, yaro ya shanye shi tashi ɗaya ya nemi ƙari. Gwangwani ɗaya na lemon kwalba yana da kalori wajen 140, da sukari kusan cokalin shayi 10. Zoɓo da sauran abin sha na gida ma, in aka cika musu sukari, hanyarsu ɗaya ce.

Saboda haka a 2017 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada a ba jariri ruwan 'ya'yan itace kafin ya cika shekara ɗaya. Mai shekara 1 zuwa 3 kada ya wuce rabin kofi a rana. Maganin ƙishirwa shi ne ruwa.

7. GWAJI A KAN YARA MILIYOYI

Tun shekarun 1970 gwamnatin Amurka ta kafa wani shiri mai suna WIC, mai ba mata masu ƙaramin ƙarfi da 'ya'yansu 'yan ƙasa da shekara 5 taimakon abinci. Iyalan mutanen Meziko da yawa suna ciki. A 2009 aka sāke tsarinsa. Aka fara ba da takardar dala 6 a wata domin saya wa kowane yaro kayan lambu da 'ya'yan itace. Aka rage ruwan 'ya'yan itace. Aka koma ga madara mai ƙarancin kitse ga masu shekara 2 zuwa sama. Aka shigo da hatsin da ba a surfe ba, har da tortiyar masara.

A 2010 kusan kashi 16 cikin 100 na yaran shirin masu shekara 2 zuwa 4 suna da ƙiba. A 2016 ya sauko zuwa kusan kashi 14. A cikin 'ya'yan masu harshen Sifaniyanci ya sauko daga wajen kashi 19 zuwa wajen 16. Ba za a ce takardar dala 6 ce kaɗai ta yi aikin ba, gama abubuwa da dama sun sauya tare. Amma ku dubi irin sauyin: an sa wani abu, an cire wani. A 2021 aka ƙara kuɗin takardar ya ninka sau da yawa.

8. YADDA A KE KOYA WA YARO

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ga abin da masana suka tabbatar:

(a) Ƙaramin yaro ya kan ƙi sabon abinci, wannan halinsa ne. Ya kan ɗauki sau 8 zuwa 15 ana ba shi kafin ya karɓa. Uwar da ta daina a karo na uku ta daina da wuri.

(b) Tilas da tsawa suna sa yaro ya ƙi abin. In aka ce, "Ci ganyen nan in ba ka alewa," an koya masa alewa ce lada, ganye kuwa horo ne.

(c) Yaro yana kallon kwanon manya. Abin da ya ga uba da uwa suna ci da daɗi, shi zai miƙa wa hannu.

(d) Iyaye ne za su zaɓi abin da za a ci da lokacin ci. Yaro ne zai san ya ƙoshi. Kada a matsa masa ya side kwano.

(e) Kada a hana ƙaramin yaro abinci domin ya rame, kada kuma a yi masa ba'a. Sau da yawa abin da likita ke nema shi ne nauyi ya dakata, tsawo ya cim masa.

ABIN RIƘEWA

Iyalan nan ba sa bukatar baƙon abinci mai tsada. Wake, da kabewa, da tumatir, da nopal, da romon ganye na kakanninsu sun isa, in aka maido da su wurin da lemon kwalba da soye-soye suka ƙwace. Duk lokacin da za ki ƙara wa yaro ɗan itace, uwargida, ki tambayi kanki, "A maimakon me?"

TAMBAYOYI

1. Yaya likita ya ke gane yaro yana da ƙiba?
2. Don me yaran Salinas suka fi tsararrakinsu na Meziko nauyi, ko da ya ke suna kusa da lambu?
3. Mene ne bambancin cin lemo da shan ruwansa?
4. Waɗanne abubuwa huɗu aka sāke cikin shirin WIC a 2009?
5. Ki lissafa abin da ƙaramin yaronki ya ci jiya tsakanin abinci da abinci. Wanne za ki iya musanyawa da ɗan itace?