Karatun Yara a Gida: Ƙofar da Muka Kulle da Wadda Muka Bari a Buɗe



Shekara 12 na yi ina riƙe da aji a wata firamare a Kaduna kafin in koma bin gidaje ina koyar da yara. Da can darasin yamma ake kira na in yi, awa ɗaya ko biyu bayan an taso makaranta. Tun da aka rufe makarantu saboda korona a watan Maris na 2020 abin ya sauya. Yau akwai gidajen da yaransu ba sa zuwa ko'ina. Ni da mahaifiyarsu da kwamfutar hannu mu ne makarantar. Abin da idona ya gani a irin waɗannan gidaje shi ya sa nake wannan rubutu, domin duk mai tunanin zaunar da 'ya'yansa a gida ya san abin da zai samu da nauyin da zai ɗauka.

Ban taɓa ganin laifin uban da tsoro ya kama ba. Duk mun ji labarin 'yan mata 276 da aka kwashe a Chibok a 2014, da 110 a Dapchi a 2018, da yara maza fiye da 300 a Ƙanƙara a ƙarshen 2020, da 'yan mata 279 a Jangebe a farkon 2021. Sai kuma Kuriga, nan kusa da mu, a watan Maris na 2024. Ga kuɗin makaranta da ke hauhawa kowane zango, ga kuɗin mota, ga ajin da ya cika har wasu yara a ƙasa suke zama. Wasu kuma lalacewar tarbiyya suke gudu. Dalilan nan duka na gaske ne.

Abin da ake samu

Yaron da malami ya zauna da shi shi kaɗai yana saurin tafiya. Na taɓa koyar da wata yarinya 'yar shekara 8 da aka ce ba ta da kai, alhali kunyar tambaya ce kawai take ji a cikin jama'a. A tabarmar falonsu, cikin zango ɗaya, ta fara karanta littafi da kanta. A gida ba a ɓata lokaci a cunkoson hanya, ana iya haɗa hadda da boko ba tare da an gajiyar da yaro ba, kuma uwa ta san abin da ya shiga kan ɗanta a kowace rana.

Karatu a gida ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u a gidan mahaifinta Shehu Usman ɗan Fodiyo ta yi karatu, daga baya kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda malamai mata da ake kira jajoji suke kai ilimi ga mata har ƙauyukansu. Sai dai mu tuna wane irin gida ne wannan. Gida ne mai cike da malamai da ɗalibai da littattafai. Makarantar zauren da muka taso muka tarar ma da yaran unguwa take cika. Abin da nake gani yanzu daban ne: yara uku a bayan doguwar katanga, ba kowa sai na'ura.

Nauyin da ake ɗauka

Na farko shi ne lokaci, kuma galibi a kan uwa yake faɗawa. Makaranta tana da shugaba da malamin lissafi da na Turanci da mai buga ƙararrawa. Ranar da aka cire yaro, duk waɗannan ayyuka sun dawo kan mace ɗaya mai girki da goyo da baƙi, wataƙila ma da sana'arta. Makon farko ana farawa ƙarfe takwas. Kafin wata biyu an koma goma, in an yi biki ko rasuwa a dangi a tafi hutun da ba a tsara ba. A nan ne ake miƙa wa yaro kwamfutar hannu a ce ya je ya yi karatu.

Na je wani gida aka ce mini yaronsu ya gama lissafin aji uku a wata manhaja, har aka nuna mini taurarin da ya tara. Na zauna kusa da shi ina kallon yatsansa. Tambaya tana fitowa zai danna amsar farko. In ta yi ja ya danna ta biyu, har ya faɗa kan kore, manhaja ta yi masa tafi. Na kife na'urar, na ba shi fensir da takarda, na rubuta masa 47 a tara da 38. Ya rubuta 715. Ya haɗa bakwai da takwas ya sa 15, ya haɗa huɗu da uku ya sa 7 a gabanta. Ba wanda ya taɓa zama ya nuna masa yadda ake riƙe goma a kai ta gida na gaba. Da tsinken ashana muka gyara wannan cikin sati biyu, muna ɗaure goma-goma da roba, amma wata takwas ya yi a haka iyayensa suna murna.

Na biyu shi ne zama da mutane. A makaranta yaro yake koyon jiran layi, da karɓar kaye a wasa, da shiryawa da abokin da suka yi faɗa, da zama benci ɗaya da ɗan wata ƙabila ko wani addini. Na ga yara masu ƙoƙari a takarda waɗanda in baƙo ya yi sallama sai su shige ɗaki.

Na uku shi ne doka da takardar shaida. Dokar ilimin bai ɗaya ta UBE ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara, kuma ba ta shimfiɗa wani tsari na rajistar masu karatu a gida ba. Ƙasashe sun bambanta a nan: a Amurka an halatta shi a duk jihohi, a Jamus an hana, a Faransa kuwa tun 2022 sai an nemi izini. WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, gaskiya ne, amma yaron da yake son likitanci ko injiniya yana bukatar ɗakin gwaji, kuma falo ba shi da shi.

Ƙofar da ba ta da maigadi

'Yan makonni bayan abin da ya faru a Kuriga, wani magidanci ya kira ni gidansa. Katanga doguwa da waya mai ƙaya a samanta, ga maigadi, ga kyamara a bakin get. Ya ce, "Malama, na gama da makaranta. Gara in riƙa ganinsu a gabana." Ya saya wa kowane yaro kwamfutar hannu tasa.

Bayan kamar wata biyu na lura babbar 'yarsa, 'yar shekara 10, tana gyangyaɗi a darasin safe. Na tambaye ta a hankali ko ba ta jin daɗi. Ta ce lafiyarta ƙalau, hira suke yi da ƙawarta da dare. Na ce wace ƙawa, tunda ba ta fita? Ta ce a wasan gem suka haɗu. Na roƙi Hajiya, mahaifiyarta, ta zo muka buɗe hirar tare. Wannan "ƙawa" ta san sunan unguwarsu, ta san launin get ɗinsu, ta san ranar da Alhaji, mahaifinta, yake tafiya Abuja da ranar da yake dawowa. Saƙon ƙarshe yana cewa ta turo hotonta, kuma kada ta gaya wa Mama. Hajiya ta zauna a hannun kujera ta kasa magana. Mun ɗauki hoton saƙonnin, muka toshe asusun, Alhaji ya kai rahoto.

Kowa a Arewa ya san mai garkuwa da mutane ba ya aiki sai da infoma. Muna tantance direba da 'yar aiki da maigadi saboda wannan, sannan mu bar yaro da na'urar da kowa a duniya zai iya yi masa magana ta cikinta ƙarfe ɗayan dare. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da goge asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya na masu yaudarar mutane su turo hotunan tsiraici sannan su nemi kuɗi da barazanar tona asiri. Masu wannan aiki a cikin ƙasarmu suke.

Ra'ayina a kan kamfanonin fasaha

Ina amfani da kayansu kullum, kuma ba na ce wa kowa ya jefar da waya. Akwai darussa masu kyau kyauta a Khan Academy, akwai Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022. Amma Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Yawancin manhajojin da muke saukewa kyauta da talla suke cin abinci. Ribarsu tana ƙaruwa ne gwargwadon daɗewar idon yaro a kan allo da yawan bayanan da aka tara a kansa. Shi ya sa bidiyo yana ƙarewa wani yake farawa da kansa, shi ya sa ake raba taurari ko an fahimta ko ba a fahimta ba. Ni burina yaro ya gane darasi ya tashi ya je ya yi wasa; su kuwa tashinsa asara ce gare su.

Hukumomi sun sha kama su a kan wannan. A 2019 Google da YouTube sun amince su biya dala miliyan 170 a Amurka kan zargin tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba. A 2023 hukumar kare bayanai ta ƙasar Ayalan ta ci TikTok tarar yuro miliyan 345, kuma cikin laifukan har da barin asusun yara a buɗe ga kowa tun daga farko. A nan gida, hukumar FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a 2024 kan yadda aka sarrafa bayanan 'yan Najeriya a Facebook da WhatsApp. Manhajojin karatu ma ba su tsira ba. A 2022 ƙungiyar Human Rights Watch ta binciki waɗanda gwamnatocin ƙasashe 49 suka amince wa ɗalibai lokacin korona, ta tarar kusan kashi 89 cikin 100 suna bibiyar yara ko suna da hanyar yin hakan. Muna da Dokar Kare Bayanai ta 2023, kuma ta bukaci izinin iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro. Sai dai izinin nan sau da yawa mu muke bayarwa da yatsanmu, mu danna amincewa ba mu karanta ba, ko mu ƙara wa yaro shekaru don a buɗe masa asusun da aka ce sai ya kai 13.

Abin da nake roƙon iyaye

In za ku zaunar da yaro a gida, ku fara zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukumarku ku yi bayani, kuma in da hali ku bar sunansa a rajistar wata makaranta da zai riƙa zana jarrabawar ƙarshen zango. Ku nemi kundin tsarin karatu na hukumar NERDC ku bi shi, ku rubuta jadawali ku manna a bango. Ku sa wani malami na waje ya gwada yaron da fensir da takarda kowane zango. Ku haɗa kai da gida biyu ko uku na maƙwabta ko dangi, a yi karatun tare a raba kuɗin malami. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada a yanke shi daga Islamiyya da filin ƙwallo da gidan kakanni.

Malamin da zai shigo muku gida, ko ni ce, ku bincika inda ya taɓa aiki. A yi darasi a falo, ƙofa a buɗe, babba yana kusa.

Game da na'ura kuwa, ta zama ta gida, a yi amfani da ita inda kowa yake gani, kuma ta kwana a ɗakin iyaye. Ku buɗe asusun yaro da shekarunsa na gaskiya, ku haɗa shi da Family Link a wayar Android ko Screen Time a ta Apple, yadda ba zai sauke komai ba sai da amincewarku. Ku kashe hira da baƙi a cikin kowane gem. Ku duba izinin kowace manhaja: wadda take koyar da haruffa ba ruwanta da kyamara ko makirfo ko sanin wurin da kuke. Ku koya wa yaro abubuwan da ba a faɗa wa wanda ba a sani ba: sunan unguwa, tafiyar Baba, hoton gida, hoton jikinsa. Mu ma manya mu daina ɗora hotunansu da ranar haihuwarsu da ƙofar gidanmu a kafafen sada zumunta.

Abu mafi muhimmanci shi ne yaro ya tabbata in ya kawo muku labari ba zai sha duka ba. Yarinyar nan da na ba ku labarinta ta ce tun ranar da aka ce kada ta gaya wa Mama gabanta yake faɗuwa, amma ta yi shiru don tsoron a ƙwace mata na'urar. Da na tambaye ta me ya sa take son hirar, sai ta ce, "Malama, ai ba ni da wata ƙawar." Yanzu yaran gida uku ne suke haɗuwa a falonsu kowace safiya, su bakwai, kwamfutocin kuma suna cikin kwabar Hajiya har sai an bukace su. A daren yau, kafin ku duba ko maigadi ya kulle get, ku karɓi wayar da ke hannun ɗanku, ku zauna kusa da shi, ku ce ya nuna muku waɗanda yake hira da su.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke amanarsu.