Hukuncin Zubar Da Leda A Kan Hanya

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi leda, wadda ta maye gurbin kwando da ƙwarya da ganye a kasuwannin ƙasar Hausa. Mutane da yawa suna zaton cewa tun da leda ba najasa ba ce, babu laifi a yar da ita ko'ina. Lalle ita kanta tsarkakakkiya ce, amma hukuncin zubar da ita yana fitowa ne daga babin cutarwa, kuma ƙa'ida ce tabbatacciya wurin malaman fiƙihu cewa cuta gusar da ita ake yi.

Cutar leda iri uku ce. Ta farko, ba ta ruɓewa kamar ganye. Iska takan kwashe ta ta cusa a magudanun ruwa, da damina ruwa ya rasa hanya, ya cinye gindin katangar maƙwabci, ko ya kwanta sauro ya hayayyafa. Ta biyu, akuya ko saniya takan haɗiye ta saboda ƙanshin abinci, ta dunƙule a tumbi, dabbar ta rame har ta mutu. Mahauta shaida ne a kan wannan. Ta uku, hayaƙinta guba ne ga huhu, alhali wasu da ita suke hura gawayi.

A cikin Sahihu Muslim ya tabbata cewa kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne daga rassan imani. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta masa saboda ya janye reshen ƙaya daga hanya, da na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. To, in mai ɗauke ƙaya ya sami gafara, ina matsayin wanda ya jefa abin da zai toshe kwata ko ya halaka dabbar wani?

Wasu ƙasashe sun bi ta hanyar doka. Bangladesh ta hana siririyar leda a 2002 bayan ta toshe magudanu lokacin ambaliya, Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017. Sai dai ɗan sanda ba ya shiga kowane lungu. Abin da ke bin mutum har inda babu mai ganinsa shi ne ilimi da tsoron Allah.

Saboda haka ya kamata malamin Islamiyya da na makarantar allo, in sun karantar da tsarkin jiki da tufa da wurin salla, su haɗa da haƙƙin hanya, su kuma ajiye kwandon shara a ƙofar makaranta. Liman ya tunatar a huɗuba tun kafin ruwan farko ya sauka. Uwargida ta ba yaro kwano ko jaka in ta aike shi sayen ƙosai ko cefane. Wanda ya sha ruwan leda ya riƙe ledar har ya sami mazubi, da niyyar neman lada.

Allah Ya sa a yi aiki da abin da aka karanta, amin.