Esketamine: Maganin Da Ba A Tafiya Gida Da Shi

A watan Maris na 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da sabon maganin ciwon damuwa mai suna esketamine, wanda kamfanin Janssen ke sayarwa da sunan Spravato. Feshi ne da ake shaƙa ta hanci, an kuma tanade shi domin wanda ya gwada magunguna biyu ko fiye bai dace ba. Tsofaffin ƙwayoyi sai sun yi makonni kafin a ga aikinsu, shi kuwa wasu kan fara jin sauƙi cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai dai mai karatu ya riƙe cewa amincin maganin nan ya rataya ne kan sharuɗɗan da aka gindaya masa.

Bayan an shaƙa, jiri da tashin zuciya da barci mai nauyi kan biyo baya. Wani yakan ji kamar ya rabu da jikinsa, ya dubi hannunsa ya ga kamar na wani ne, maganar mutanen ɗakin tana zuwa masa daga nesa. Jini kan hau, ya kai ƙarshen hawansa wajen minti 40 bayan feshin, numfashi ma yana iya raunana. Shi ya sa a Amurka ba a miƙa wa majiyyaci maganin ya tafi da shi. A asibiti zai shaƙa, a auna hawan jininsa, a sa masa ido na awa 2 aƙalla, kuma ba zai tuƙa mota ba sai washegari bayan ya yi barci.

Wani zai ce, in haɗarin ya kai haka, me ya sa aka amince da shi? Amsa ita ce ciwon damuwar da ya ƙi jin magani shi ma yana kisa, don haka likita yakan auna cutar da illar maganin ya ga wadda ta fi nauyi. Wani kuma zai ce ai ɗan'uwan ketamin ne, allurar da asibitocinmu suka daɗe suna sa barci da ita wajen tiyata. Gaskiya ne, amma can sau ɗaya ake yi, ma'aikaci na tsaye a kan majiyyaci. Yawan amfani da ketamin kan kama mutum ya kasa bari, yakan kuma lalata mafitsara.

Saboda haka, jama'a, duk wanda damuwa ta kama a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Kada a nemi madadin wannan magani a kemis.