Dasa ayaba a tsakar gida

Ɗan'uwa, ka san kwarurrukan ƙasar Gure, inda ake noman dabino da rogo da rake. A wasunsu har ayaba ake samu a inuwar dabino, don ruwa na kusa. To, kai ma kana iya dasa ta a gidanka, in ka kiyaye ƙa'idodinta.

A Turai sanyi ke kashe ayaba. Shi ya sa suke sa gajerarta cikin tukunya a ɗaki, don ado. Mu nan ba sanyi ne abin tsoro ba. Abin tsoro ƙishirwa ne, da iska, da awaki.

Ba a shuka ayaba da iri. Ɗan da ya tsiro a gindin uwa ake cirewa da saiwarsa. Zaɓi mai siraran ganye kamar takobi, shi ya fi ƙarfi.

Haƙa rami mai faɗin santimita 60, zurfinsa ma 60. Cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, kada ka sa ɗanye, yana ƙona saiwa. Lokacin da ya fi shi ne farkon damina.

Nemi wurin da katanga ke tare iska, don iskar hunturu na yayyaga ganye. Amma ka bar tazara, kamar taku biyu, kada danshi ya ci gindin katangar. Kewaye ta da ƙaya ko zana saboda awaki.

Ayaba mashayiya ce. Da rani a ba ta ruwa kullum, safe ko maraice. Ruwan alwala da na wanke hatsi duk suna yi, kada a zubar da su a banza. Ruwa mai kanwa ko mai sabulu da yawa kuwa, yana cutar da ita. Kada kuma ruwa ya kwanta: saiwa za ta ruɓe, sauro ya samu gida. Rufe gindin da busasshen ganye don danshi ya daɗe.

Bayan kamar shekara guda za ta fid da nono. Ka sani, kowace uwa sau ɗaya take haihuwa. In ka yanke nonon, sare ta, ka bar ɗa guda ya gaje ta.

In ruwan shanku ma da ƙyar yake isa, haƙura da ayaba, dasa zogale.

Tambayoyi
1. Da me ake dasa ayaba?
2. Wane ruwa ne ke cutar da ita?
3. Me ya sa ake sare uwar?