Wuyan Keke: Auna Kafin Ka Saya

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa wata makaranta kusa da Kasuwan Magani, keke ne ƙafata. Kowace Alhamis nakan hau in tafi cin kasuwa, in komo bayana na ciwo, don kullum a sunkuye nake tuƙi. Sai na ɗauki sifana na sassauta wuyan keken, wato ƙarfen nan da ke riƙe da kai, na zaro shi har ya kusa fita. Ran nan ina gangara da masara a baya, na faɗa rami, wuyan ya goce, sai ga ni a ƙasa. Allah Ya kiyaye, gwiwa kaɗai na kuje.

To, ga abin da na koya wurin wani mai gyara a kasuwar.

Na farko, layi. A jikin wuyan akwai zane. Tilas ya ɓace cikin bututu, wato wajen inci biyu da rabi su zauna ciki. In kana ganin zanen nan, kada ka hau.

Na biyu, kauri. Wuyan yawancin tsofaffin kekuna milimita 22.2 ne, na waɗansu 25.4, tsofaffin na Faransa kuwa 22. Bakin da ke kama kan keke shi ma iri iri ne, akwai 25.4, akwai 31.8. Ido ba mudu ba ne, saboda haka tafi da tsohon a gwada.

Na uku, tsawo. Ɗora gwiwar hannunka a hancin sirdi, ka miƙa yatsu. In sun kusa taɓa kan keken, wato kamu guda, to, ka yi kusa da daidai.

Na huɗu, karkata. Wuyan da ya kwanta na masu tsere ne. Mai zuwa makaranta da kasuwa, wanda ya ɗaga sama shi ne nasa, don ya zauna a miƙe ya ga hanya. Irin wannan ya kamata in saya tun farko.

Amma keke mai birkin sanda, irin tsohon Raleigh, kansa da wuyansa a haɗe suke. Ɗagawa da saukarwa kaɗai ake yi, sa'an nan a daidaita birki.

'Yan'uwana, kafin ku hau gobe, ku duba layin nan. Rigakafi ya fi magani.